IBNUL HAISAM, MALAMIN BASRA DA YA BI SAWUN HASKE

 Kafin mu shiga tarihin bawan Allahn da za mu yi magana a kansa yau, ina so kowannenku ya tuna wani abu da ya sha gani. Da rana tsaka ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa da taga, sai ka ga haske ya ratso ta wata 'yar ɓula a jikin kwanon rufi, ya miƙe sak har ƙasa kamar an ja zare, ƙura tana ta yawo a cikinsa. Yawancinmu abin da zai faɗo mana a rai shi ne a toshe ɓular kafin damina ta kankama. To, wajen shekara dubu da suka wuce an yi wani malami da ya zauna gaban irin wannan ɓula yana aune-aune, har ya warware wata gardama da ta daɗe tana gagarar masana kafin zuwansa, wato yaya ido yake gani.

Sunansa Abu Aliyu Alhasan ɗan Alhasan ɗan Haisam, amma an fi saninsa da Ibnul Haisam. An haife shi a Basra, cikin ƙasar Iraƙi ta yau, wajen shekara ta 354 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 965 Miladiyya. A lokacin halifan Abbasiyawa yana zaune a Bagadaza, amma ragamar mulki tana hannun sarakunan Banu Buwaihi. Ya tashi ya tarar an riga an fassara manyan littattafan Yunanawa zuwa Larabci tun fiye da shekara ɗari kafin haihuwarsa: littafin Uƙlidis kan handasa, wato ilmin layuka da kusurwoyi da da'irori, da littafin Baɗlimus kan taurari, da na Jalinus kan jikin ɗan Adam, da na Arisɗo kan ɗabi'ar abubuwa. Ya karance su ya naƙalce su, har sunansa ya fita daga Basra ya kai wasu ƙasashe.

Shi da kogin Nilu

Labarin da ya fi shahara a rayuwarsa shi ne na kogin Nilu, kuma Ibnul Ƙifɗi, wani marubucin tarihin masana da ya rasu a 1248, shi ya kawo shi da tsawo. Kun san Masar ƙasa ce da ba ta samun ruwan sama na a-zo-a-gani. A wancan zamani abincin mutanenta ya dogara ne ga ambaliyar kogin da take zuwa sau ɗaya a shekara. In ruwa ya yi kaɗan a yi yunwa, in ya yi yawa ya ci gidaje da gonaki. Ibnul Haisam yana zaune a Iraƙi, bai taɓa ganin Nilu da idonsa ba, sai ya furta cewa da yana Masar da ya yi wa kogin wani aiki da zai sa a amfana da shi ko ya cika ko ya janye. Magana kuwa zarar bunu ce. Ta yi ta tafiya har ta faɗa kunnen mai mulkin Masar, Alhakim bi Amrillah na daular Faɗimiyawa.

Wannan sarki sai an yi muku ɗan bayaninsa. Ya hau mulki a 996 yana ɗan shekara 11. Yana son masana, shi ne ya kafa Darul Ilmi a Alƙahira a 1005, ya cika ta da littattafai. Amma mutum ne da ba a sanin inda ya sa gaba. Ya kashe waziransa da manyan ma'aikatansa da yawa, ya kuma riƙa fito da dokoki masu ban mamaki, har da hana cin mulukiyya, ganyen nan da mu muke kira lalo. Ku dubi sarkin da zai hana mutum miyar lalo, sa'an nan ku ƙiyasta yadda zai yi da wanda ya ci kuɗinsa bai cika alkawari ba.

Alhakim ya aika masa da kuɗi, ya gayyace shi, ya kuma fito bayan gari da kansa ya tarye shi. Aka haɗa shi da magina da masassaƙa suka nufi kudu suna bin kogin. A hanya ya riƙa ganin gine-ginen mutanen dā na Masar, duwatsu manya-manya an sassaƙe su an jera daidai wa daida, sai jikinsa ya fara sanyi. Ya yi tunanin cewa mutanen da suka iya wannan aiki, da abin da ya zo yi mai yiwuwa ne, da ba su bar masa shi ba. Da suka kai wurin da ake kira Janadil, kudu da garin Aswan, inda ruwa yake gangarowa ta cikin duwatsu, ya duba gaɓa da gaɓa ya ga abin ba yadda aka ba shi labari ba ne. Ya juyo ya gaya wa sarki gaskiya, cewa ba zai iya ba.

Sarki ya nuna kamar ya karɓi uzuri, ya ba shi wani muƙami a ofishin gwamnati. Ibnul Haisam ya karɓa don tsoro, ba don so ba, kuma da ya ga yadda kawuna suke sauka a fadar, sai ya shiga nuna alamun taɓin hankali. Aka ƙwace dukiyarsa aka ajiye, aka tsare shi a gidansa aka sa mai kula da shi. Haka ya zauna har shekara ta 1021, lokacin da Alhakim ya fita da dare a kan jakinsa zuwa dutsen Muƙaɗɗam bai sake dawowa ba. Nan take malamin ya koma mai hankalinsa, aka mayar masa da kayansa. Wani marubucin kuma, Baihaƙi, ya ba da labarin ta wata fuska, ya ce sarki ne ya duba tsarin ya raina shi, malamin ya gudu Sham cikin dare. Ko ta wace fuska aka bi, aikin kogin dai bai yiwu ba. Sai a 1902 aka gina madatsar ruwa ta farko a Aswan, babbar kuma aka kammala ta a 1970, da injinan da ba wanda ya yi mafarkinsu a zamaninsa.

Ni a ganina, wannan faɗuwa tana da alaƙa da irin malamin da ya zama daga baya. Ya yi hukunci kan abin da aka ba shi labari, ya kusa rasa ransa. Duk wanda ya buɗe babban littafinsa zai ga mutumin da ba ya yarda da magana sai ya haɗa kayan gwaji ya gani da idonsa.

Bayan ya sami 'yanci ya zauna a wata ƙubba kusa da ƙofar masallacin Azhar. Yana da kyan hannu, saboda haka ya mayar da kwafar littattafai sana'a. An ruwaito cewa kowace shekara yakan kwafi littattafan lissafi uku, ciki har da na Uƙlidis da na Baɗlimus, a biya shi dinari 150 na Masar, ya ci da su har shekara ta zagayo. Sauran lokacinsa na koyarwa ne da rubuta nasa. Littattafai da risalolin da aka lissafa masa sun kusa ɗari, fiye da hamsin sun iso gare mu.

Kitabul Manaziri

Mafi girmansu shi ne Kitabul Manaziri, littafin ilmin gani, mai kashi bakwai. Don ku san darajarsa sai kun ji gardamar da ya tarar. Masu lissafi, irin su Uƙlidis da Baɗlimus, da Alkindi daga cikin Musulmi, sun tafi a kan cewa wani haske ne yake fita daga ido ya je ya taɓo abin da ake kallo, kamar yadda makaho yake taɓa hanya da sandarsa. Kada ku yi dariya, domin da wannan ra'ayi sun iya zana layuka sun bayyana dalilin da ya sa abu mai nisa yake ƙanƙancewa. Su kuma su Arisɗo sun ce a'a, wani abu ne yake zuwa daga waje ya shiga ido, sai dai ba su da lissafin da zai nuna yadda raƙumi guda, ko dutse guda, zai shiga ta wannan 'yar ƙofa ta tsakiyar baƙin ido. Ɓangare ɗaya yana da lissafi ba gaskiya, ɗayan yana da gaskiya ba lissafi.

Ibnul Haisam ya fara da abubuwan da kowa ya sani. Wanda ya kalli rana idonsa zai yi zafi, har ya cutu. Wanda ya daɗe yana kallon farin abu a cikin hasken rana, in ya juya ga wuri mai duhu zai ci gaba da ganin alamarsa na ɗan lokaci. Ashe ke nan haske ne yake yi wa ido wani abu, ba ido ne yake aika nasa ba. Daga nan ya shiga gwaji, abin da yake kira i'itibari. Ya leƙa ta miƙaƙƙen bututu ya ga abu, ya toshe wani sashe na bakin bututun ya ga daidai wannan sashe na abin ya ɓace. Ya jera fitilu a wajen wani ɗaki mai duhu wanda ke da ɓula guda, sai ga ɗigon haske a bangon ciki, kowace fitila da nata. In ya rufe fitilar dama, ɗigon hagu ne yake mutuwa, in ya buɗe ya dawo. Ya tabbatar da abu biyu: haske yana tafiya ne a miƙe, kuma hasken fitilu da yawa yana iya ratsa ɓula ɗaya ba tare da ya cakuɗe ba.

Wannan gwaji kuna iya yin irinsa a gida. Ku sami kwali, ku huda gefe ɗaya da allura, ku yanke ɗaya gefen ku manna siririyar farar takarda da aka ɗan shafa wa mai. Ku kunna kyandir a ɗaki mai duhu ku fuskantar da hudar gare shi. Za ku ga harshen wutar a jikin takardar, amma kansa a ƙasa. Dalili kuwa, hasken da ya taso daga saman harshen ya bi ta hudar a miƙe ya sauka ƙasa, na ƙasa ya haura sama. Malamin ya rubuta risala guda kan yadda hoton rana yake fitowa kamar jinjirin wata a irin wannan ɗaki lokacin husufi. In Allah ya nuna muku husufin rana ku duba ƙarƙashin bishiya mai ganye, za ku ga 'yan jinjirayen wata birjik a ƙasa. Amma fa kada wanda ya ɗaga kai ya kalli ranar kanta.

Saura babbar matsala. In kowane ɗigo a jikin abu yana watsa haske ta ko'ina, to kowane wuri a fuskar ido yana samun haske daga kowane ɗigo na abin da ke gabansa. Me ya sa ba ma ganin duniya a dame kamar kunu? Amsarsa ita ce, daga cikin duk hasken da ɗigo guda ya aiko, layi ɗaya tak ne yake faɗa wa ido a tsaye ya shige ba tare da ya karkace ba, kuma shi ne ido yake aiki da shi. Saboda haka kowane ɗigo a waje yana da ɗigo ɗaya da ya dace da shi a cikin ido. In ka tara waɗannan layuka duka sai su ba ka siffar jinka, tsininta a tsakiyar ido, faɗinta a kan abin da kake kallo. Da wannan dabara ya riƙe lissafin su Uƙlidis gaba ɗaya, ya juya wa hasken hanya kawai. Ku riƙe wannan jinka a ranku, za mu dawo gare ta.

Bai tsaya ga ido kaɗai ba. Ya ce abin da ido yake karɓa haske ne da launi, amma sanin nisa da girma da siffa aikin hankali ne, wanda yake yanke hukunci da saurin da mutum ba ya lura. Ya kawo misalin mai karatu da ya saba da kalma, yana ganinta zai gane ta ba sai ya bi harafi-harafi ba. Duk ɗalibin da ya wuce matakin babbaƙu da farfaru ya san wannan a jikinsa. Ya kuma kawo misalin abin wasan yara mai juyawa, irin katantanwa, wanda in an shafa masa launuka daban-daban aka murza shi sai a ga launi ɗaya, domin gani ma yana bukatar lokaci. Har girman da wata yake yi in yana fitowa daga gabas ya duba, ya ce yawancinsa ruɗin hukuncin hankali ne.

A kashi na bakwai ya yi bayanin karkacewar haske in ya fita daga iska ya shiga ruwa ko gilashi, abin da yake sa muciya ta zama kamar ta karye in an tsoma ta a randa. Ya ƙera abin awo na musamman don haka, ya kuma ce haske yana ɗaukar lokaci kafin ya isa, kuma tafiyarsa tana raguwa a cikin abu mai kauri. A nan bai kai ga ainihin ƙa'idar lissafin ba. Wani abin sha'awa, a 1990 masanin tarihin lissafi Rushdi Rashid ya fito da binciken da ya nuna cewa Ibnu Sahal na Bagadaza ya riga ya yi aiki da wannan ƙa'ida wajen 984, ita ce kuma Turawa suke jingina wa Snell na ƙasar Holan, wanda ya gano ta a 1621.

Matsalar madubi

A kashi na biyar akwai wata tambaya da har yau take ɗauke da sunansa. Ga madubi mai siffar ƙwallo, ga fitila a wuri kaza, ga idonka a wuri kaza. A wane ɗigo na jikin madubin hasken zai bugi ya dawo idonka? A madubi shimfiɗaɗɗe ɗan sakandare zai warware ta da rula. A mai siffar ƙwallo kuwa sai gumi. Ya warware ta ne da lanƙwasassun layukan da ake samu in an yanka jinka ta fuskoki daban-daban, ilmin da Abuluniyus Bayunane ya rubuta littafi mai kashi takwas a kansa. Kashi na takwas ya ɓace tun kafin zamanin Ibnul Haisam, sai ya zauna ya rubuta abin da yake ganin ya kamata a ce yana ciki. Manyan masu lissafi na Turai irin su Huygens sun sake fafatawa da matsalar madubin a ƙarni na 17. A 1998 kuma Peter Neumann na Jami'ar Oxford ya wallafa hujjar cewa, in ban da wasu 'yan yanayi na musamman, ba za a taɓa warware ta da rula da kamfas kaɗai ba. Ashe malamin bai ɗauki doguwar hanya don ganin dama ba, gajeriyar ce babu.

Ya yi wasu ayyukan da yawa. Ya fitar da hanyar tara lambobin da aka ninka da kansu sau huɗu don ya auna cikin wata siffa mai kama da ƙwarya, ya rubuta kan fitar da alƙibla ta hanyar lissafi, ya rubuta kan hasken wata. Ya kuma yi littafi sukutum yana nuna wuraren da Baɗlimus ya yi tufka da warwara, alhali littafin Baɗlimus ɗin nan shi yake kwafa kowace shekara ya ci abinci. Ya yi ƙoƙarin kafa hujja kan ƙa'idar Uƙlidis ta biyar, wadda ta shafi layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. Hujjar ba ta tsaya ba, kuma a ƙarni na 19 aka gane cewa ba mai iya kafa ta daga sauran ƙa'idojin.

Ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 430 bayan Hijira, wato 1040 Miladiyya. Allah ya jiƙansa.

Inda littafin ya bi

Abin mamaki, a ƙasashen Musulmi littafin ya yi kusan shekara 250 ba a ba shi haƙƙinsa ba, sai da Kamaluddin Alfarisi, wanda ya rasu wajen 1319, ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manaziri. Shi ne ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya sa a ɗaki mai duhu ya bayyana yadda bakan gizo yake samuwa. A Turai kuwa an fassara littafin zuwa Latin wajen 1200, suka lanƙwasa Alhasan ya koma Alhazen. Roger Bacon da John Pecham da Witelo duk daga gare shi suka sha. Aka juya shi zuwa Italiyanci a ƙarni na 14, aka buga shi da injin ɗab'i a birnin Basel a 1572.

Yanzu mu koma ga jinkar nan. Masu zane da magina na birnin Florence a Italiya sun tashi cikin wannan ilmi na gani, har ɗayansu, Ghiberti, ya kwashi sassa masu yawa na littafin ya sa a nasa. A 1435 Alberti ya rubuta cewa zane a kan allo ba komai ba ne illa yanka da aka yi wa jinkar gani a tsakanin ido da abin kallo, kamar ka tsaya bayan gilashin taga ka bi abin da kake hange da alƙalami. Daga nan wata sabuwar tambaya ta taso wa masu lissafi: in an yi wa siffa irin wannan hoto, me yake canjawa, me yake zama yadda yake? Ku riƙe faifai a gaban fitila ku dubi inuwarsa a bango. In kun karkata shi, da'irar za ta koma siffar ƙwai. Tsawo ya canja, kusurwa ta canja, amma miƙaƙƙen layi yana nan miƙe, kuma layukan da suka haɗu a ɗigo ɗaya suna nan haɗe. Ku tsaya kuma ku hangi layin dogo. Ƙarafan biyu ba sa haɗuwa, amma ido yana ganin sun haɗu can ƙarshen gani.

Wani injiniya Bafaranshe, Girard Desargues, ya ɗauki wannan ɗigo na ƙarshen gani da gaske a wani ɗan littafi da ya fitar a 1639. Ya ce a lissafa shi cikin ɗigogi, sai ya zama kowaɗanne layuka biyu a shimfiɗa ɗaya suna da mahaɗa, kuma da'ira da siffar ƙwai da sauran yankan jinka duk dangi ɗaya ne, inuwar juna. Shekara guda bayan haka Blaise Pascal, yana ɗan shekara 16, ya fitar da ƙa'idarsa kan siffa mai gefe shida da aka zana cikin irin waɗannan layuka. Aka yi watsi da fannin, sai Poncelet, wani hafsan sojan Napoleon, ya farfaɗo da shi. Shi ma a tsare ya yi tunaninsa, yana fursunan yaƙi a garin Saratov na Rasha daga 1813 zuwa 1814, ya buga littafin a 1822. Wannan fanni shi za mu iya kira handasar inuwa da hange. Ba Ibnul Haisam ne ya kafa shi ba, kada ku je ku faɗi haka. Amma tunanin ɗigo a waje ya dace da ɗigo a kan shimfiɗa ta hanyar miƙaƙƙun layuka masu ratsa wuri guda, shi ne ginshiƙinsa, kuma da shi ake koya wa kwamfuta gane nisa daga hoto, da shi wayar hannu take ɗinke hotuna da yawa su zama dogo guda.

Akwai kuma inda malamin ya yi kuskure, kuma gyaran kuskuren ne ya kai mu cikin ƙwayoyin halitta. Ya bi Jalinus a kan cewa wurin da yake jin haske shi ne ɗan gilashin nan na cikin ido, wanda Larabawa suka kira jalidiyya, wato mai kama da ƙanƙara, shi ne wanda yana take rufewa ga tsofaffi. A 1604 Johannes Kepler na Jamus, bayan ya karanci littafin da na Witelo, ya nuna cewa aikin wannan gilashi shi ne tattara duk hasken da ya shigo daga ɗigo guda ya mayar da shi ɗigo guda a kan wani tantani da ke can bayan ido, kuma hoton a kife yake sauka, kamar na kwalinku. Ashe ido da kansa ɗaki ne mai duhu.

To me ke cikin wannan tantani? Sai da aka sami madubin ƙara girma. A 1665 Robert Hooke na Ingila ya duba ɓawon wata bishiya ya ga 'yan ɗakuna jere, wajen 1676 Leeuwenhoek na Holan ya ga ƙananan halittu suna iyo a ɗigon ruwa, a 1838 da 1839 kuma Schleiden da Schwann suka bayyana cewa tsiro da dabba duk da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su. Tantanin bayan idonka yana da ƙwayoyi masu jin haske iri biyu. Masu siffar sanda sun haura miliyan 90, su ne na gani da dare. Masu tsini ba su fi miliyan 5 zuwa 6 ba, su ne na launi da karatu. A 1876 Franz Boll ya lura da wani jan launi a tantanin idon kwaɗo wanda yake koɗewa in haske ya taɓa shi, ya dawo in an koma duhu. George Wald na Amurka ya gano cewa a cikin wannan sinadari, mai suna rodofsin, akwai wani ɗan yanki da jiki yake yi daga bitamin A, ya sami kyautar Nobel a 1967. Wannan ɗan yanki a lanƙwashe yake zaune. Haske yana taɓa shi sai ya miƙe, miƙewar ta tayar da jerin sinadarai a cikin ƙwayar, ta rufe wasu ƙofofi a jikin fatarta, saƙo ya kama hanyar ƙwaƙwalwa. A 1979 an auna an ga ƙwaya guda tana iya amsa wa ƙwayar haske guda tak, a shekara ta 2000 kuma aka fitar da cikakkiyar siffar rodofsin daga idon saniya. Abin da malamin Basra ya hango daga zafin kallon rana, cewa haske yana yi wa ido wani aiki, ga shi an gan shi dalla-dalla.

A nan iyaye mata su saurara. Yaron da yake gani sarai da rana amma in magariba ta yi ya riƙa tuntuɓe yana laluben bango, abin da muke kira dundumi, sau da yawa ƙarancin bitamin A ne ya hana ƙwayoyin nan masu siffar sanda samun abin aikinsu. Ana samunsa a hanta da ƙwai da manja da karas da ganyen zogale da mangwaro da gwanda. In an ga alamar a kai yaro asibiti da wuri, domin in ƙarancin ya yi tsanani yana iya lalata gaban idon gaba ɗaya.

Asalin littafin na Larabci kuwa ya daɗe a ɗakunan karatu na Santambul, ciki har da wani kwafi da aka rubuta a Basra wajen 1083. Mustafa Nazif na Masar ya yi nazarinsa cikin mujalladi biyu a 1942 da 1943, sa'an nan Abdulhamid Sabra ya tace kashi uku na farko aka buga a Kuwait a 1983, na huɗu da na biyar kuma a 2002. Iraƙi ta sa hotonsa na ƙiyasi a takardar dinari 10,000 a 2003, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tuna da littafin a 2015 da ta kira Shekarar Haske, kuma akwai wani rami a gefen gabas na fuskar wata da masu ilmin taurari suka raɗa wa suna Alhazen.